Inda Aka San Fuskar Mma

Nima, watan Yuni

Yaya Mumuni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zaman ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya sako mu gaba, babbar gota, magudanar ruwan unguwa, ta cika har ta leƙo mana tsakar gida. Matarka Samiratu ta zo ran Juma'a da yara, duk sun yi ɓul-ɓul, ƙaramin ya fara haƙori. Ita za ta kai wannan takarda bariki a sa a jakar sojoji, don waya ta gagare mu. Kai kana ihu, ni ina "me ka ce?", kafin a gama gaisuwa layi ya yanke.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. An sayar da gidan da muke haya. Magada sun ce za a rushe a gina shaguna, kowa ya kwashe nasa kafin azumi. Ni ba ta kaina nake yi ba, keken ɗinkina ko a gindin bishiya na kafa shi zan ci abinci. Ta uwarmu Mma nake yi.

Mantuwar da ka bar ta da ita ta ƙaru sosai. Jiki garau, tana ci tana sha, ƙafarta ma ta fi tawa sauri. Amma da an idar da sallar asuba sai ta ɗauki tsohon ludayinta ta fice, wai masu sayen koko suna jiranta. Kokon da ta daina tun kana kurtu. In ta isa bakin titi ba ta ga tukunya ba, sai ta yi gaba abinta. Shekaranjiya Iddi mahauci ne ya rako ta tun daga Maamobi, yana riƙe da hannunta, ita kuwa tana yi masa faɗa wai ya rame don ba ya karyawa. A Nima ban taɓa tsorata ba, domin duk wanda ya yi gemu a unguwar nan ya sha kokon Mma Damata yana yaro. Duk inda ta nufa, wani zai juyo da ita.

Wuri biyu na samu, kuma maƙwabtan juna ne. Na farko a Madina, cikin Zango, gidan wata Hajiya Lariba. Ɗaki da falo, famfo ɗaya na kowa da kowa, bayan gida sai an yi layi, hayaniya kuwa kamar nan ko ta fi. Na biyu a Adenta, gaba kaɗan, gidan kawun Samiratu, Alhaji Latif. Shi yana Kumasi, ya ce mu zauna a ɗakunan baya mu kula masa da gida. Na je na gani. Katanga ta fi tsayinka, ƙofar ƙarfe, bishiyar mangwaro, shiru har kana jin numfashinka. Wallahi wurin ya yi kyau, sai dai na tsaya a ƙofa na daɗe ban ga mutum ɗaya ya wuce a ƙasa ba.

Na rasa na zaɓa. In na kwanta sai in ga Mma a Madina tsakanin motoci, in na juya sai in gan ta a Adenta ita kaɗai a layi. Kai ne babba, ka faɗa min, kuma ka yi sauri.

Ƙanwarka,
Zelia

Kudancin Lebanon, watan Yuli

Zelia ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Aiki da sauƙi, gadi ne da sintiri, sai kewar gida da kewar wake da shinkafar Nima. Ki gaida Mma, ki ce ɗanta yana neman albarka.

Na karanta na sake karantawa, ban ga abin wahalar zaɓi ba. Adenta za ku. Kin manta babban titin da ya ratsa Madina? Ni mai cikakken hankali sai na yi addu'a kafin in tsallaka shi. Ga tasha, ga trotro, motocin hayar nan, suna ja da baya ba duba madubi. Ki ce tsohuwa da ludayi ta bi ta nan da sassafe? Tun da na karanta wurin nan abinci bai yi min daɗi ba.

A Adenta akwai katanga, akwai ƙofa. Ki sayi kwaɗo mai kyau ki rataya makullin a wuyanki. Wanda bai fita ba, ba zai ɓata ba. Aikina ke nan a nan kullum, na san abin da nake faɗa.

Abu na biyu, kuma ki riƙe shi da kyau. Ba na so uwarmu ta zama abin kallo. Mutanen Nima namu ne, sun san ta da hankalinta, sun san macen da ta riƙe mu ita kaɗai bayan rasuwar Baba. Mutanen Madina me suka sani? Za su ga tsohuwa mai surutai ne kawai, yara su bi ta, matan gida su samu abin hira a bakin famfo. Asirinta namu ne mu rufa, ita ta rufa mana namu da yawa.

Na riga na aika wa Alhaji Latif godiya, na ce mun karɓa. Suruki ne, kada ki sa in ji kunya. Ga hotona nan a ciki, ki nuna wa Mma, ki gaya min abin da ta ce.

Yayanki,
Abdul-Mumin

Kudancin Lebanon, watan Agusta

Zelia,

Sallama da gaisuwa. Jakar wasiƙu ta zo har sau biyu, kowa ya samu tasa, ni ko ƙyalle. Na yi ta neman layi har na samu Samiratu. Abin da na ji daga bakinta ke nan: "An ga Mma, da sauƙi, Zelia za ta rubuto maka." Sai layi ya mutu, bai sake shiga ba.

An gan ta a ina? Da sauƙin me? Mutum ba ya samun sauƙi sai in wani abu ya same shi. Tana asibiti ne? Mota ce? Kun koma Adenta ko kin yi gaban kanki kin kai ta Madina? In a Adenta ne, wa ya bar ƙofa a buɗe bayan na ce a sa kwaɗo?

Ina tsaye a bakin aiki da bindiga a hannu, hankalina yana wani wuri, har babbanmu ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Kada ki ɓoye min komai don kina tausayina. In ma abin da nake tsoro ne ya faru, gara in ji daga gare ki. Ki rubuto ko layi biyu ne, don girman Allah.

Abdul-Mumin

Madina, ƙarshen Agusta

Yaya Mumuni,

Assalamu alaikum. Mma tana da rai, tana da lafiya, yanzu haka tana gefena tana tsince min zare. Na fara da wannan don ka iya karanta saura. Ka ga sunan garin da na rubuta a sama, ka yi haƙuri kada ka yaga takardar sai ka kai ƙarshe.

Na bi maganarka. Mun je Adenta, na sayi kwaɗo, na rataya makulli a wuya kamar mai gadin kurkuku. Washegari Mma ta ɗauki ludayi ta tarar da ƙofa a rufe. Ta tsaya tana leƙe ta ramin makulli har rana ta take. Ta tambaye ni, "Zelia, mutuwa aka yi a garin nan? Ban ji kiran salla ba." Masallaci yana da nisa, sauti ba ya isowa. Kwana uku tana dukan ƙarfen nan da tafin hannu har ya kumbura, abinci kuwa sai na yi da gaske take kai loma biyu.

Ka san Adenta ba ruwa, sai an kira tanka. Ranar da motar ta zo da safe, dole aka buɗe ƙofar duka biyu. Ina bayan gida ina riƙe da bakin tiyo, direba yana wurin injinsa. Ka tambaya wa ya bar ƙofa a buɗe, to ni ce, kai ma da kana nan da kai ne.

Na fito ba takalmi. Yaya, layukan nan duk iri ɗaya ne, katanga, ƙofa, kare, katanga, ƙofa, kare. Ba mai tebur, ba mai shayi, ba wanda zan tambaya. Na buga ƙofofi, wasu suka leƙo ta sama suka ce ba su gani ba. A Nima da na ruga masallaci an yi cigiya a lasifika, a nan ban san ma inda zan ruga ba.

Hayaniya ce ta kai ni. Ta samu wata ƙofa a buɗe ta shige har bayan gidan mutane, ta zauna gaban kurfoti, murhun gawayin nan, ba wuta tana hura shi, ɗankwali ya faɗi, furfura a waje. Matar gidan ta fito ta gan ta ta ƙwalla ƙara. Kafin in iso an taru. Ina jin suna cewa "bayifo", wato mayya, wai tana cikin tashi ne gari ya waye mata ta faɗo. Suna tambayar sunanta da Turanci da Twi, ita kuwa duk Twin da ta yi ciniki da shi ya gudu, sai murmushi take tana miƙa musu ludayi. Wani ya watsa mata gishiri. Wani ya fizgi hannunta, shatin yatsunsa yana nan har yau. Na ga sanda a hannun wani saurayi.

Na faɗa kanta na lulluɓe ta da mayafina ina cewa uwata ce, uwata ce. Wata dattijuwa da ta yi aikin asibiti ta ratso taron ta daka musu tsawa, ta ce ciwon tsufa ne, ta kawo mana ruwa, ta rako mu har gida. Allah ya saka mata. Su ma sauran ban ce mugaye ba ne. Ba su san ta ba ne kawai. Ka tuna muna yara yadda aka taru a kan wata baƙuwar tsohuwa a bakin gota, a Nima ɗinmu.

Ran nan na ɗaure kaya muka koma Madina. Da na ba Hajiya Lariba labari, sai ta ce, "Ke 'yar Zango ce kuwa? Baƙo ya sauka a unguwa ba a kai shi gaisuwa ba?" Ka san al'adar, yadda aka yi wa Baba da ya sauko daga Bawku: mai masauki ya sayi goro ya kai baƙonsa wurin manya, a ga fuskarsa, a san a hannun wa yake. Na sayi goro, na yi wa Mma wanka, na ɗaura mata leshinta na Salla. Hajiya a gaba, mu a baya. Mun je wurin Sarkin Zango, mun je wurin liman da ladan. Daga nan ni na ƙara nawa: mahauta, masu shayi, matan bakin kasuwa, har tasha wurin direbobi da kwandastoci. Kowa na ba shi goro na ce, "Ga uwata, Mma Damata, a gidan Hajiya Lariba take. Tana fita da safe da ludayi. In kun gan ta, ku juyo da ita."

Na san ranka zai ɓaci. Nawa ma a ɓace yake, kuma har yanzu in na ji ƙarar birki sai na leƙa in ga tana ina.

Zelia

Kudancin Lebanon, watan Satumba

Zelia,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da ya tsare ta, na gode miki da kika kai a kan lokaci. Na karanta wurin gishirin nan na shiga bayan tanti na yi kuka, ban taɓa yi ba tun da na sa kaki. Maganar wa ya bar ƙofa, ki yafe min ita. Alhaji Latif kuma ki bar ni da shi, ni zan ba shi haƙuri.

Amma goron nan ya tsaya min a wuya, ba zan ɓoye miki ba. Abu ɗaya na roƙe ki, ki rufa mata asiri. Sai kika yi mata ado kika zaga da ita kasuwa da tasha, kina gaya wa kwandastoci hankalin uwarmu ya tafi. Macen da ko ciwon kai ba ta yarda maƙwabta su sani ba. Da tana cikin hayyacinta, kina ganin za ta yarda? Gaisuwar baƙo ta mai hankali ce, wanda zai buɗe baki ya ce ga sunana, ga sana'ata. Ita me ta ce musu?

Kuma titin yana nan inda yake, goro bai ɗauke shi ba. Wanda ya ci goronki yau, gobe yana can yana neman fasinja, ba uwar wani yake dubawa ba. In wani abu ya same ta a wurin nan, ban san da idon da zan dube ki ba, ban san da wanda za ki dube ni ba. Ko ƙofar ɗaki ce ki riƙa kullewa har rana ta fito.

Ba ki ce min komai a kan hoton ba. Ya ɓata ne a hanya?

Yayanki,
Abdul-Mumin

Madina, ƙarshen Satumba

Yaya,

Sallama. Muna lafiya, ana ta shirin azumi, ɗinki ya fara shigowa. Hannun Mma ya warke.

Ka tambayi abin da ta ce musu. A gaban Sarkin Zango ta durƙusa ta yi gaisuwa tsaf, irin wadda ni ban iya ba, ta tambayi iyalinsa, ta ce, "Ni ce Damata mai koko." Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban ce hankalinta ya tafi ba, kai ka faɗa. Cewa na yi tana fita da ludayi.

Ta sake fita. Ran Talata ce, na shiga layin bayan gida, na dawo tabarma ba kowa. Na ruga masallaci. Ladan bai tambaye ni kamanninta ba, ya ce, "Ta leshin nan?" Ya kunna lasifika. Ina tsaye ina jin sunan uwarmu yana yawo a saman rufin mutane, na ji kunyar da kake faɗa, na ji ta har cikin ƙashina. Amma kafin ya maimaita na uku, wata mata ta leƙo ta taga ta ce an gan ta ta yi wajen tasha.

Wajen titin ke nan, Yaya. Ba zan rage maka ba, ta kai har bakinsa, ƙafa ɗaya a kan kwalta. Wani kwandasta da ke rataye a ƙofar trotro ya hango ta, ya buga wa direba jikin mota, ya diro ya tare ta. Ta ƙi ya taɓa ta, ta ɗaga masa ludayi. Shi kuwa ɗan duniya sai ya ce, "Mma, ba nan kokon yake ba, ga shi can." Ya kai ta wurin wata Asana da ke sayar da koko a bakin tasha, cikin waɗanda suka ci goronmu.

Can na same ta a kan benci, ta karɓe tukunyar mutane, tana zuba wa masu saye, tana yi wa Asana faɗa wai citta ta yi kaɗan, kanumfari ya yi yawa. Asana ta ce in bar ta. Yanzu kullum da safe ni nake raka ta, in koma in yi ɗinki, in rana ta ɗaga Asana ta rako ta gida. Tana cin abinci, tana barci. Ban ce maka tsoro ya ƙare ba. Da kwandastan nan ya waiwaya wani gefe, da wata takardar kake karantawa yanzu. Kullum da wannan nake kwana. Amma kulle ta ba zan sake yi ba, na ga abin da ya yi mata.

Hoton bai ɓata ba. Na yi ta juya yadda zan gaya maka ne. Na nuna mata tun muna Nima, ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Wannan sojan ɗan wa ne? Da ganinsa ɗan mutunci ne, a zuba masa koko." Na ce Mumuni ne. Ta ce in daina shirme, Mumuni yana makaranta bai taso ba. Kullum sai ta ƙulle ƙosai biyu a bakin zanenta ta ce na Mumuni ne in ya dawo. Ba ta manta da kai ba, Yaya, girmanka ne ba ta sani ba.

Ƙanwarka,
Zelia

Kudancin Lebanon, cikin azumi

Zelia ƙanwata,

Wa alaikumus salam, barka da shan ruwa. Takardarki tana aljihun rigata, ta kusa yagewa don buɗewa.

Ku zauna a Madina. Tsoron titin ba zai bar ni ba, na haƙura zan zauna da shi kamar yadda kike zaune da shi. Ke kike wurin, ke kika ga abin da ban gani ba, ni daga nesa katanga kawai nake hangowa.

An ce za a sauya mu bayan Salla. Ina da roƙo. Ki sayi goro mai kyau ki ajiye, kada ki ce Samiratu ta saya, ke nake so. In na sauka, ki shige gaba ina binki. Ki kai ni wurin Sarkin Zango da liman da ladan, ki kai ni wurin Hajiya Lariba, ki nemo min kwandastan nan in ga fuskarsa in riƙe hannunsa.

Daga nan ki kai ni bakin tasha da safe, lokacin da take kan benci. Zan cire kaki in sa doguwar riga. Ki ba ta goro ki ce ga baƙo ya sauka a unguwa, sunansa Mumuni, ɗan Damata mai koko ne. In ta gane ni, alhamdu lillahi. In ba ta gane ba, kada ki matsa mata, kada kuma ki yi kuka a gabanta. Ki bar ta ta zuba min kokon, zan zauna a bencin in sha, gobe ma in dawo.

Ƙosan da take ƙullewa, ki ce mata yaron yana hanya.

Yayanki,
Mumuni